Hasken Raman da Shimfiɗun Azurfa da Zinariya: Hanyar Gano Sinadari Komai Ƙanƙantarsa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2008 wata annoba ta auka wa jarirai a ƙasar Sin. Wasu masu harkar madara sun riƙa tsarma ta da ruwa, sa'annan su zuba mata wani sinadari mai suna melamin, wanda asalinsa na yin kwanukan roba ne. Dalilinsu shi ne, gwajin da ake yi wa madara a lokacin yawan sinadarin naitirojin yake aunawa, da shi ake ƙiyasta yawan furotin, shi kuwa melamin cike yake da naitirojin. Ke nan madarar da aka gurɓata sai ta ci jarrabawa tamkar ta ƙwarai. Bisa ƙididdigar hukumomin ƙasar, jarirai kimanin 300,000 ne suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda, shida kuma suka rasu.

Wannan al'amari ya nuna cewa gwajin da ke auna yawa kawai, ba tare da tantance ainihin abin da aka auna ba, ana iya yaudarar sa. Abin da ake bukata shi ne gwajin da zai ambaci sunan sinadari kai tsaye, ko da ɗan mitsitsi ne a cikin abinci ko ruwa ko jini. Wannan babi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka samar domin haka, wato ƙarfafa warwatsuwar Raman ta doron ƙarfe, wadda ake taƙaita sunanta na Turanci da haruffa huɗu, SERS. Za a duba asalin hanyar, da yadda take aiki, da ire-iren shimfiɗun da ake ƙerawa dominta, da amfaninta, da kuma matsalolin da ke tattare da ita.

2.0 Haske da Ƙwayoyin Abu

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a fahimci abubuwa uku.

Na farko shi ne haske. Haske yana tafiya ne tamkar igiyar ruwa, kuma kowane launi yana da tsawon zangonsa. Masu sauraron rediyo sun saba da jin kalmar gajeren zango da matsakaicin zango. To, haske ma dangin igiyar rediyo ne, sai dai zangonsa gajere ne matuƙa. Da nanomita ake auna shi, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce daga cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashin kan mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Hasken da ido yake iya gani yana tsakanin nanomita 400, wajen shuɗi da shunayya, zuwa nanomita 700, wajen ja. Har ila yau, haske yana zuwa ne a ƙwaya-ƙwaya, ana kiran kowace ƙwaya foton. Idan zango ya gajarta, ƙarfin ƙwayar yakan ƙaru, idan ya tsawaita sai ya ragu.

Na biyu shi ne molikul. Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Idan ƙwayoyin zarra biyu ko fiye suka ƙullu da juna, sai su zama molikul. Alal misali, molikul ɗin ruwa ya ƙunshi ƙwayar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu.

Na uku shi ne girgiza. Ƙwayoyin zarrar da ke cikin molikul ba a sandare suke ba. Kullum cikin motsi suke, suna miƙewa, suna tanƙwarewa, suna murɗawa. Saurin wannan girgiza ya danganta ga nauyin ƙwayoyin da ƙarfin ƙullin da ke tsakaninsu. Kamar yadda mai kunne yake bambanta amon kalangu da na ganga da na tambari ko bai gan su ba, haka kowane irin molikul yake da salon girgizarsa da ba ya tarayya da wani a cikinsa. Duk wanda ya iya karanta wannan girgiza ya san sunan sinadarin.

3.0 Raman da Abin da ya Gano

An haifi Chandrasekhara Venkata Raman a shekarar 1888 a kudancin Indiya. A shekarar 1921 ya yi tafiya zuwa Ingila ta jirgin ruwa, inda shuɗin Bahar Rum ya ɗauki hankalinsa. Tun a 1871 Lord Rayleigh ya bayyana dalilin shuɗin sararin sama, cewa iska ta fi warwatsa haske mai gajeren zango. Game da teku kuwa, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne hoton sama ne kawai ake gani a cikin ruwa. Raman bai gamsu da haka ba. Ya nuna cewa su kansu molikul ɗin ruwa suna warwatsa haske, daga nan kuma ya duƙufa ga nazarin yadda haske yake warwatsuwa a cikin abubuwa masu ruwa-ruwa.

A ranar 28 ga Fabrairu, 1928, a birnin Kalkata, Raman tare da abokin aikinsa K. S. Krishnan suka tabbatar da wani abu sabo. Idan aka haska abu da haske mai launi ɗaya tak, mafi yawan hasken da ya warwatsu yakan fito da launin da ya shiga da shi. Amma akwai ɗan ƙaramin kaso da yake fitowa da zango dabam. A cikin wannan shekara, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam sun ga irin wannan abu a birnin Mosko ba tare da sun san aikin Raman ba. An ba Raman lambar yabo ta Nobel a 1930, ya zama ɗan nahiyar Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Indiya kuma ta mayar da ranar 28 ga Fabrairu ranar kimiyya ta ƙasa.

Ana iya kwatanta abin da ke faruwa da yaron da ke jifan fatar ganga da ƙwallo. Sau da yawa ƙwallon yakan dawo da ƙarfin da ya tafi da shi. Amma wani lokaci yakan bar wani ɓangare na ƙarfinsa a jikin fatar, fatar ta yi girgiza, shi kuma ya dawo a raunane. Haka foton yake yi da molikul. Idan ya bar masa wani ƙarfi, sai ya fito da zango mafi tsawo. A wasu lokuta ƙalilan kuma, molikul ɗin da ya riga ya ɗauki girgiza shi ke ƙara wa foton ƙarfi. Bambancin da ke tsakanin ƙarfin da foton ya shiga da shi da wanda ya fito da shi daidai yake da ƙarfin girgizar molikul ɗin.

Na'urar da ke wannan aiki tana rarraba hasken da ya fito bisa tsawon zangonsa, sa'annan ta fitar da zane mai tsinaye-tsinaye. Wannan shi ake kira zanen Raman, kuma matsayinsa ga sinadari kamar na zanen yatsa ne ga mutum. Misali, dutsen daiman yana fitar da tsini guda mai kaifi a lamba 1332 a kan ma'aunin, silikon kuwa a wajen 520. Da wannan ake bambanta daiman na gaskiya da gilashi cikin 'yan daƙiƙu.

4.0 Raunin Hasken Raman

Duk da fa'idar wannan hanya, tana da babbar illa, wato rauni. A ƙiyasin masana, daga cikin ƙwayoyin haske kimanin miliyan goma da suka warwatsu, ɗaya ce kacal take ɗauke da saƙon Raman. A zamanin farko, da hasken rana da fitilar makuri ake aikin, akan kuma shafe sa'o'i masu yawa kafin a sami hoto ɗaya. Ƙirƙiro lesa da Theodore Maiman ya yi a 1960 ya kawo sauƙi ƙwarai, domin lesa tana ba da haske mai ƙarfi mai launi ɗaya. Duk da haka, hanyar ta fi dacewa da abin da yake da yawa, kamar ƙwayar magani ko garin sinadari. Idan guba ce 'yar kaɗan a cikin madara ko ruwan sha, sai saƙon ya ɓace.

Akwai kuma illa ta biyu. Wasu abubuwa, musamman masu launi da waɗanda suka fito daga tsirrai da dabbobi, idan aka haska su sukan yi wani ƙyalli na kansu wanda ya fi hasken Raman ƙarfi nesa ba kusa ba. Neman saƙon Raman a cikin irin wannan ƙyalli tamkar neman tauraro ne da tsakar rana.

5.0 Gano Hanyar Ƙarfafawa

A shekarar 1974, masana uku na Jami'ar Southampton a Ingila, wato Martin Fleischmann da Patrick Hendra da James McQuillan, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki sandar azurfa, suka yi amfani da lantarki wajen mayar da doronta mai kaushi, sa'annan suka bar wani sinadari mai suna firidin ya manne a kai. Da suka haska da lesa, sai suka sami zanen Raman mai ƙarfin gaske. A ganinsu, kaushin ne ya ƙara faɗin doron, saboda haka molikul masu yawa suka sami wurin zama.

Bayan shekara uku, a 1977, rukuni biyu na masana suka nuna cewa wannan bayani bai wadatar ba. Rukunin farko shi ne David Jeanmaire da Richard Van Duyne na Jami'ar Northwestern a Amurka, na biyu kuma Grant Albrecht da Alan Creighton na Jami'ar Kent a Ingila. Kowane rukuni ya yi lissafinsa dabam, kuma suka ga cewa ƙarin faɗin doro ba zai iya haifar da ƙarin da aka gani ba, domin saƙon ya ninka sau dubu ɗari zuwa miliyan ɗaya. Ke nan kowane molikul guda shi kansa saƙonsa ne ya ƙaru saboda zamansa a kan azurfar. A 1978 Martin Moskovits ya danganta al'amarin da motsin elektiron a cikin ƙananan tudun da ke doron ƙarfen, kuma wannan bayani shi ne ya zama ginshiƙin fannin.

Wannan tarihi yana ɗauke da darasi ga ɗalibi. Waɗanda suka fara ganin abin ba su ne suka fara fahimtarsa ba. Sai da wasu suka sake aunawa, suka yi lissafi, kafin gaskiyar ta bayyana.

6.0 Dalilan Ƙarfafawa

6.1 Dalilin Lantarki

A cikin ƙarafa irin su azurfa da zinariya da jan ƙarfe akwai elektiron masu yawa da ba a ɗaure suke da ƙwayar zarra ɗaya ba, suna yawo ne a cikin ƙarfen baki ɗaya. Idan aka mayar da ƙarfen ɗan ƙanƙanin ƙwallo mai faɗin nanomita 20 zuwa 100, wato ƙasa da tsawon zangon haske, to hasken da ya faɗa masa yakan tura waɗannan elektiron gefe guda, su dawo, su sake komawa, kamar ruwa a cikin ƙwarya idan ana jijjiga ta. Idan saurin turawar ya dace da saurin da elektiron ɗin suke kaiwa da komowa bisa ɗabi'arsu, sai motsin ya yi ƙarfi ainun, kamar yadda lilo yake yin nisa idan ana tura shi a daidai lokacin da ya dace. Wannan motsi na bai-ɗaya shi ake kira filasmon. Sakamakonsa shi ne ƙarfin lantarkin haske yakan taru a dab da doron ƙwallon, ya ninka na hasken da ya shigo.

Molikul ɗin da ya zauna a wannan wuri riba biyu yake samu. Hasken da ke isa gare shi an ƙarfafa shi, hasken Raman da yake fitarwa shi ma ƙarfen yana ƙarfafa shi a kan hanyarsa ta fita. Saboda haka lissafin yakan kasance ninki huɗu a jere. Idan ƙarfin lantarkin ya ninka sau 10, saƙon Raman yakan ninka sau 10 × 10 × 10 × 10, wato 10,000. Idan ya ninka sau 100, saƙon yakan ninka sau miliyan ɗari. Bugu da ƙari, kusancin molikul da ƙarfen yakan dushe ƙyallin nan da ke rufe saƙo. Sai dai wannan ƙarfi ba ya nisa. Da zarar molikul ya matsa 'yan nanomita kaɗan daga doron, sai ribar ta ragu da sauri.

Abin sha'awa shi ne, mutane sun daɗe suna cin moriyar filasmon ba tare da sun san shi ba. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa da aka ƙera a ƙarni na 4 Miladiyya, ana kiran sa Kofin Lycurgus, yana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Idan haske ya faɗa masa ta gaba sai a gan shi kore, idan ya ratsa shi ta baya sai ya koma ja. Bincike ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin azurfa da zinariya ne a cikin gilashin. Haka kuma a 1857 Michael Faraday ya bayyana yadda ya haɗa ruwa ja jawur wanda ba kome ba ne a cikinsa face ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani.

6.2 Dalilin Haɗuwar Sinadari

Dalili na biyu ya shafi molikul ɗin da ya ƙullu da ƙarfen kai tsaye. A irin wannan hali, elektiron sukan iya ƙetarawa tsakanin ƙarfen da molikul, abin da ke sauƙaƙa wa haske girgiza shi. Ƙarin da ake samu ta nan bai kai na farko ba, galibi ninki goma ne zuwa ɗari, amma yana hawa ne a kan na farkon. Shi ne kuma yake sa zanen wasu sinadarai ya ɗan sauya kama idan suka manne a kan ƙarfe.

6.3 Lungunan Ƙarfi

Ƙarfin da ake magana a kai bai bazu daidai wa daida a kan shimfiɗa ba. Yakan taru ne a bakin tsini, ko kuma a ɗan matsatsin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu da suka kusanci juna da tazarar nanomita ɗaya ko biyu, kamar yadda ruwan sama yake ƙara gudu idan ya shiga lungu mai ƙunci. Masana suna kiran irin wannan wuri wuri mai zafi, ko da yake ba zafin wuta ake nufi ba. A nan za a kira shi lungun ƙarfi. A cikinsa saƙon Raman yana iya ninkawa sau biliyan goma ko fiye.

A 1997 rukuni biyu a Amurka suka ba da rahoton gano molikul guda ɗaya tak ta wannan hanya. Shuming Nie da Steven Emory na Jami'ar Indiana sun yi amfani da wani rini mai suna rodamin, Katrin Kneipp da abokan aikinta kuma suka yi amfani da wani rinin mai launin shunayya. A 2008 kuma, rukunin Dana Dlott a Jami'ar Illinois ya auna yadda ƙarfin ya rarrabu a kan wata shimfiɗar azurfa. Sun gano cewa gurabe 63 kacal daga cikin kowane miliyan ɗaya su ne suka samar da kashi 24 cikin ɗari na dukkan saƙon. Wannan ya nuna cewa ingancin shimfiɗa ya dogara ne ga yawan lungunanta da kyan tsarinsu.

7.0 Ire-iren Shimfiɗu

Shimfiɗa a nan tana nufin doron ƙarfen da aka tsara shi a ma'aunin nanomita domin a ɗora abin da za a gwada. Azurfa ta fi ba da ƙarfi, amma tana dushewa idan ta daɗe a iska. Zinariya ba ta dushewa, ta kuma fi dacewa da gwajin jini da sauran abubuwan jiki, sai dai da jan haske take aiki sosai, kamar lesa mai zangon nanomita 633 ko 785. Ga manyan ire-iren shimfiɗu:

(a) Sanda mai kaushi. Ita ce ta asali, irin wadda aka yi amfani da ita a Southampton. Tana da sauƙin yi, amma tudunta ba su da tsari.

(b) Ƙwayoyi a cikin ruwa. A 1982 Lee da Meisel suka bayyana hanyar tafasa gishirin azurfa tare da sitiret, wato gishirin sinadarin da ke sa lemo tsami, har ƙwayoyin azurfa su fito suna yawo a cikin ruwan. Idan aka ɗan ƙara gishiri, sai ƙwayoyin su dunƙule, lunguna su samu a tsakaninsu. Wannan hanya ita ce mafi araha, shi ya sa ta fi yaɗuwa, amma dunƙulewar ba ta da tabbas.

(c) Ƙwayoyi masu siffa. Masana sun koyi sarrafa girman ƙwayoyin har su fito da siffar sanda, ko akwati mai kusurwa, ko tauraro mai tsinaye. Kowace kusurwa da kowane tsini matattarar ƙarfi ce.

(d) Shimfiɗa mai tsari. A nan ana zana siffofin ne a jere a kan gilashi ko silikon. Wata hanya mai sauƙi da rukunin Van Duyne ya bunƙasa a shekarun 1990 ita ce a jera ƙananan ƙwallayen roba su matsu da juna, a yi musu feshin tururin ƙarfe, sa'annan a kwashe su. Wanda ya taɓa jera lemo a faifai ya barbaɗa gari a kai, ya san cewa idan aka kwashe lemon za a tarar da garin a gurabe masu kusurwa uku. Haka ƙarfen yake saura. Ana kuma yin zanen da tsinin elektiron, wanda ya fi daidaito amma ya fi tsada da cin lokaci.

(e) Shimfiɗa mai lanƙwasuwa. Ana manna ƙwayoyin a jikin takarda ko auduga ko salatif, yadda za a iya goga su a bayan 'ya'yan itace a ɗebo abin da ke kai.

(f) Ƙwayoyi masu riga. A 2010 rukunin Zhong-Qun Tian na Jami'ar Xiamen a Sin ya lulluɓe ƙwayoyin zinariya da siririyar rigar silika mai kaurin 'yan nanomita. Rigar tana hana ƙwayoyin mannewa da juna ko gurɓata. Sun barbaɗa su a kan ɓawon lemo, suka gano ragowar maganin ƙwari.

(g) Tsinin allura. Maimakon a kai molikul ga ƙarfe, sai a kai tsinin ƙarfe ga molikul. An fara nuna wannan dabara a shekarar 2000, kuma a 2013 masana a birnin Hefei na Sin suka yi amfani da ita wajen leƙa sassan molikul guda.

8.0 Amfanin Hanyar

Ana gano sinadari ta fuska biyu. Ko dai a karanta zanen sinadarin kai tsaye, ko kuma a liƙa wa ƙwayar zinariya wani rini mai sanannen zane tare da wani abu da ke cafke abin da ake nema, ta yadda bayyanar zanen rinin zai zama shaidar cewa abin yana nan.

A fannin abinci, melamin yana da tsini bayyananne a wajen lamba 680, kuma bayan annobar 2008 an samar da gwaje-gwajen SERS da ke gano shi a madara cikin mintuna. Wannan yana da muhimmanci domin a 2010 hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta iyakance melamin a garin madarar jarirai ga miligiram ɗaya a kowane kilo. Matsalar ragowar guba a abinci ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Gwaji mai sauri da za a iya yi a rumbu ko a kasuwar hatsi zai taimaka wajen tsayar da irin wannan kaya tun kafin su kai tukunya ko tashar jirgin ruwa.

A fannin magunguna, a wajejen shekarar 2010 hukumar NAFDAC ta fara amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan wajen gano jabun magunguna. Wannan na'ura da hasken Raman na asali take aiki, ba tare da ƙarfafawa ba, domin sinadarin da ke cikin ƙwayar magani yana da yawa. Inda ake bukatar ƙarfafawa shi ne wajen neman ɗan abin da ya rage a jini ko fitsari ko yawu. A 2022 masana na Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo suka wallafa sakamakon gwajin wata na'urar hura numfashi mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa, wadda aka jarraba a kan mutum 501 domin tantance masu cutar korona cikin ƙasa da minti biyar.

A fannin tarihi da fasaha, rinin tsirrai yana da wuyar ganowa saboda ƙyallinsa, kuma ba a yarda a yanki babban ɓangare daga kayan tarihi. A 2009 Marco Leona na gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York ya gano jan rinin saiwar wani tsiro a jikin guntun fatar kwarin kibau ta Masar mai shekara kimanin 4,000. Haka kuma a Shikago an binciki wani zane da Winslow Homer ya yi a 1887, wanda samansa ya koɗe ya koma kusan fari, aka gano ragowar jan rini da ke nuna cewa asalinsa sama ce mai launi.

9.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce rashin daidaito. Tun da 'yan lunguna kaɗan ne suke samar da kaso mai yawa na saƙon, shimfiɗa biyu da aka yi rana ɗaya suna iya ba da sakamako mabambanta. Saboda haka ya fi sauƙi a ce sinadari yana nan da a faɗi adadinsa daidai. Masana sukan rage wannan ta hanyar sanya wani sananne sinadari a matsayin ma'aunin kwatanci.

Ta biyu ita ce cunkoso. A cikin jini ko madara akwai dubban ire-iren molikul da ke gasar neman wurin zama a kan ƙarfen, kuma manya irin su furotin sukan toshe lungunan. Dole ne a tace samfurin tukuna.

Ta uku ita ce zaɓe. Sinadarai masu ɗauke da farar wuta ko naitirojin suna son manne wa azurfa da zinariya, amma wasu, kamar sukarin jini, ba sa kusantar su sai an yi wa doron wata shafa ta musamman.

Ta huɗu kuwa, zafin lesa yana iya ƙona samfurin, azurfa kuma tana lalacewa a ajiya. Domin waɗannan dalilai, a mafi yawan lokuta ana ɗaukar SERS a matsayin gwajin tantancewa na farko, sa'annan a tabbatar da sakamakon da manyan na'urorin ɗakin bincike masu rarrabe sinadarai da auna nauyinsu.

10.0 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa kowane molikul yana da salon girgizarsa, kuma Raman ya gano yadda haske yake ɗauko labarin wannan girgiza a 1928. An ga cewa saƙon yana da rauni, har zuwa shekarun 1974 da 1977 lokacin da aka gano cewa doron azurfa mai kaushi yana ninka shi. An bayyana rawar da filasmon da lungunan ƙarfi suke takawa, da ire-iren shimfiɗun da ake ƙerawa, da amfaninsu a fannonin abinci da lafiya da tarihi. Babban aikin da ke gaban masana shi ne samar da shimfiɗa mai araha wadda za ta ba da sakamako iri ɗaya a duk lokacin da aka gwada. Ga ɗalibin Hausa kuwa, akwai aikin samar da kalmomin da za su isar da irin wannan ilimi ga manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin lafiya, waɗanda su ne gwajin zai fi shafa.

Tambayoyi

1. Mene ne ya sa gwajin madara ya kasa gano melamin a ƙasar Sin a 2008?
2. Yi bayanin warwatsuwar Raman ta amfani da wani misali naka dabam da na ganga da ƙwallo.
3. Wane kuskure masanan Southampton suka yi wajen fassara sakamakonsu, kuma su wa suka gyara shi?
4. Idan ƙarfin lantarkin haske ya ninka sau 20 a lungun ƙarfi, sau nawa saƙon Raman zai ninka?
5. Kawo ire-iren shimfiɗu huɗu, tare da fa'ida ko illar kowace.
6. Tsamo kalmomin aro biyar da ƙirƙirarrun kalmomi uku daga cikin wannan babi, sa'annan ka bayyana hanyar da aka bi wajen samar da kowace.